Tambayoyi da Amsoshi Kan Wa'adin Ajiyar Kayan Gyaran Jirgin Sama da Sake Gwada Su

Matasanmu na Bauchi da Gombe masu sha'awar gyaran jirgi, har da waɗanda suka dawo daga kwalejin jiragen sama ta Zariya, yawanci hankalinsu yana kan inji da wayoyin lantarki. Sito ba ya burge kowa. Amma duk wanda ya yi aiki a filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Durum, ko na Lawanti a Gombe, ya san cewa aiki mai kyau yana iya rushewa saboda gwangwani guda da aka ɗauko daga kanta ba a duba ba. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Wane irin kaya ake nufi?

Kayan da ake amfani da su sau ɗaya su tafi: giris, man inji, man haidirolik, fenti da abin da ake shafawa kafin fenti, gam iri-iri, danƙon toshe kafa da ake shafawa cikin tankin mai da gefen tagogi, zoben roba da ke hana yoyo, ruwan wanke ƙarfe, sinadarin hana tsatsa, da ƙyallen kabon da aka riga aka jiƙa da gam don facin jikin jirgi. Waɗannan ba su da lambar kansu ɗaya-ɗaya kamar yadda famfo ko taya ke da ita. Lambar rukuni suke da ita, wato lambar da masana'anta ta ba duk abin da ta haɗa a karo guda.

Mene ne wa'adin ajiya, kuma wa ke yanke shi?

Shi ne tsawon lokacin da masana'anta ta ɗauki alkawarin kayanta za su riƙe ingancinsu, muddin ba a buɗe su ba kuma an ajiye su yadda ta ce. Wannan "muddin" ɗin shi ne gaba ɗayan zancen. Mutane suna karanta kwanan wata su tsallake sharaɗin da ke ƙarƙashinsa.

Mai kayan ne ke yanke wa'adin. Wani lokaci kamfanin da ya ƙera jirgin, kamar Boeing ko Airbus, yana ƙara nasa sharaɗin a littafin gyara, kuma idan biyun suka saɓa, wanda ya fi tsanani ake bi. Ita kuwa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ba ta zauna tana rubuta wa kowane gwangwani kwanan wata ba. Abin da dokokinta suka ɗora wa duk garejin jirgin da ta ba izini shi ne ya kasance da wurin ajiya mai kyau, da rubutaccen tsari na bin diddigin kayansa, sannan ta turo masu bincike su ga ko abin da aka rubuta shi ake yi. Dokokin Turai da na Amurka ma a kan wannan turba suke.

Oga, gwangwanin a rufe yake, ko hatimin murfin ba a taɓa ba. Ta yaya zai lalace?

Sinadari ba ya jiran a buɗe shi. Ɗauki danƙon tankin mai, irin su PR-1440. Kashi biyu yake zuwa: farin ƙullu mai yawa, da ɗan baƙin ƙullu da ke sa shi ya daskare idan an cuɗa su. Suna zaune a kan kanta, ƙullun yana ƙara kauri sannu a hankali, mai daskarar da shi kuma ƙarfinsa yana canzawa. Idan ya wuce lokaci, ko dai ya kama da sauri kafin ka gama shafawa, ko ya ƙi kamawa ya tsaya da ɗanko-ɗanko, ko kuma, wanda ya fi muni, ya bushe ya yi kyau a ido amma bai manne wa ƙarfen da kyau ba. Na ukun nan ba za ka gane shi a ranar ba. Sai jirgi ya yi ta hawa yana sauka, fiffike ya yi ta lanƙwasa, sanyin sama da zafin ƙasa sun yi ta musaya, sannan wata rana a ga kananzir, wato man jirgin, yana ɗiga a ƙarƙashin fiffike.

Giris kuwa mai ne da aka riƙe cikin wani abu mai kauri. Idan ya daɗe, musamman cikin zafi, man yakan tsatso ya taru a sama, sauran ya sandare. Fenti yana kwantawa ya yi gudaji. Roba tana taurara ta tsattsage. Man haidirolik irin Skydrol, mai launin shunayya, yana zuƙar danshi daga iska, ruwan kuma yana mayar da shi mai tsami da ke cin ƙarfe daga ciki.

Wata nawa ko shekara nawa kayan suke yi?

Tazarar tana da faɗi ƙwarai, shi ya sa ba a haddacewa, takarda ake dubawa. Danƙon tankin mai mai kashi biyu yawanci wata 9 ne, idan zafin wurin bai wuce digiri 27 ba. Wanda aka riga aka cuɗa aka daskarar a masana'anta, kusan kwana 30 ne a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri, sanyin da firizar gida ba ta kaiwa ko kusa. Ƙyallen kabon da gam mai kamar takarda suna zama a digiri 18 ƙasa da sifiri, yawanci wata 6 zuwa shekara guda. Man injin jet da ke cikin ƙananan gwangwanaye da aka like yana iya yin shekaru da dama, amma man nan ɗin dai idan a duro yake, wa'adinsa ya fi gajarta sosai, domin duro yana shaƙar iska yana fitarwa duk lokacin da ya yi zafi ya huce.

Zoben roba yana da nasa ƙa'idar. Takardar ƙungiyar injiniyoyi ta SAE mai lamba 5316 ta ba robar naitiril shekara 15, wasu kuma kamar silikon da Viton ba ta sa musu iyaka ba. Amma duk da sharaɗi: zoben ya zauna cikin ledarsa ta asali, nesa da hasken rana, nesa da injin lantarki mai tartsatsi, kuma zafi ya kasance ƙasa da digiri 38.

To ai wannan ƙa'idar Turawa ce. Mu a nan fa?

Nan ne maganar ta zama tamu. Tsakanin Maris da Afrilu, zafin rana a Bauchi da Gombe yana kaiwa digiri 40 har ya ɗara, kuma wannan a inuwa ke nan. Cikin kwantenar ƙarfe da ke tsaye a rana, ko ɗaki mai rufin kwano ba silin, abin ya wuce haka nesa. Ke nan ko zoben roba, wanda shi ne mafi haƙuri a cikin kayan, sharaɗinsa ya karye, balle danƙon da aka ce kada ya wuce 27.

Masu ilimin sinadarai suna da wani kiyasi: duk ƙarin digiri 10, saurin canjin sinadari yana kusan ninkawa. Kiyasi ne, ba doka ba, kuma ba a yin lissafin wa'adi da shi. Amma ya isa ya nuna maka cewa danƙon da ya yi bazara guda a sito marar sanyi zai iya mutuwa alhali takardar jikinsa tana cewa saura wata huɗu. A ganina, a ƙasarmu kwanan watan da ke jikin gwangwani rabin shaida ne kawai. Ɗaya rabin yana cikin littafin da ake rubuta zafin sito. Sitokifan da ya nuna maka kanta tsaf-tsaf, kowane kaya da tambarinsa, amma ba shi da tarihin zafin ɗakin, bai nuna maka komai ba tukuna.

Duk wanda ya taɓa ganin yadda ma'aikatan lafiya ke yawo da allurar rigakafi cikin akwatin ƙanƙara ya riga ya fahimci wannan. Kwalbar da ta sha rana an zubar da ita, ko da kwanan watanta bai cika ba.

Hunturu shi ma yana da nasa. Ƙurar Disamba da Janairu tana shiga duk gwangwanin giris da aka bari a buɗe, giris mai ƙura kuwa sai ya koma goge ƙarfen da aka sa shi ya kare. Bushewar iska kuma tana jinkirta daskarewar danƙon tanki, domin lokutan da ke jikin takarda an auna su ne a digiri 25 da danshi kashi 50 cikin 100. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, danshi ne abin tsoro.

Idan aka ɗauke wuta firiza ta huce fa?

Kada a rufe maganar. Wannan ita ce babbar amsa. Firizar kayan jirgi tana bukatar na'urar da ke rubuta sanyi da kanta dare da rana, da janareta ko batirin sola a bayanta, da wanda za a kira ko da ƙarfe biyun dare ne. Idan duk da haka ta huce, a ciro bayanin na'urar a ga awa nawa aka yi kuma zafi ya kai ina, a killace duk abin da ke ciki, a kai wa sashen kula da inganci.

Ƙyallen kabon yana da agogo biyu. Ɗaya na zamansa a firiza, ɗaya na jimillar awannin da ya yi a waje. Kowace fita ana rubuta ta a katin da ke manne da naɗin, ana tarawa. Awannin da wuta ta ɗauke suna shiga wannan lissafi, kuma idan jimillar ta cika, naɗin ya gama aiki ko da yau aka saye shi. Wani abin lura: idan ka ciro shi daga firiza, ka bar shi cikin ledarsa a rufe har ya huce gaba ɗaya. Ka yi gaggawar buɗewa, raɓa ta kwanta a kansa, ruwan nan ya zama kumfa cikin facin lokacin da ake gasa shi don ya kama.

Yaya ake karanta kwanan watan?

A hankali. Kaya da yawa daga Amurka suke, su kuma wata suke fara rubutawa kafin rana. Idan ka ga 03/09/2025 a kayansu, 9 ga Maris ake nufi, ba 3 ga Satumba ba. Wata shida ke tsakani, wanda ya kai kashi biyu cikin uku na rayuwar danƙo. Shi ya sa a tambarin da sito ke mannawa ya fi kyau a rubuta sunan watan da harufa.

Zoben roba da rubu'in shekara ake rubuta shi. 2Q23 na nufin an gasa robar a rubu'i na biyu na 2023, tsakanin Afrilu da Yuni. Sannan a kula ko daga ranar haɗawa ake ƙirga wa'adin ko daga ranar da masana'anta ta aiko, domin kamfanoni sun bambanta.

Me sitokifa zai duba ranar da kaya suka iso?

Takardar shaidar cewa kayan sun dace da ƙa'idar da aka nema, lambar rukunin da ke takardar ta yi daidai da ta jikin gwangwani, sunan masana'anta da na dillali, takardar bayanin haɗarin sinadarin, da lafiyar mazubin. Idan kayan sanyi ne, a duba na'urar zafi da aka sako cikin kwalin da ko busasshiyar ƙanƙarar ta ƙare a hanya.

Sai saura nawa ya rage. Kayanmu suna ratsa teku ko sama, su tsaya a hannun kwastan a Legas ko Kano, sannan su hau mota zuwa nan. Abin da ke da wata 9 zai iya isowa ya riga ya ci uku ko huɗu. Kamfanoni da yawa suna sa sharaɗi tun a takardar oda cewa ba za su karɓi abin da ya rage masa ƙasa da kashi 75 ko 80 cikin 100 na wa'adinsa ba. Kuma ga mai saye: araha ba ta ado a nan. Sayen katon goma don an rage farashi, alhali biyu ake bukata a shekara, zubar da takwas ne da kuɗin dala.

Wanda ya fara shigowa shi zai fara fita, ko ba haka ba?

A'a, wanda zai fara mutuwa shi zai fara fita. Sau da yawa abu guda ne, amma ba kullum ba: odar da ta iso jiya tana iya zama tsohon rukuni da ya daɗe a wurin dillali.

Dole sai da kwamfuta?

Kwamfuta tana taimakawa, musamman wadda ke hana fitar da kaya da zarar ranarsa ta cika kuma take gargaɗi tun saura kwana 30 ko 60. Amma ƙaramin wuri mai jirage biyu ko uku zai iya riƙe tsarinsa da littafi da tambari masu launi, in dai akwai mai zagaya kanta kowane wata yana taɓa kaya da hannunsa. Inda aka fi samun ɓaraka ba sito ba ne ma. Akwatin kayan aikin makaniki ne, da motar da ke zuwa bakin jirgi, inda ragowar bututun gam ke kwana wata da watanni ba wanda ya san da shi. Lokacin jigilar alhazai, da jirage ke sauka da tashi a Bauchi da Gombe kuma kowa yana sauri, hannu yakan kai ga abin da ya fi kusa. Duk abin da aka fitar aka buɗe, a rubuta ranar buɗewa a jikinsa, ya koma sito idan an tashi aiki.

Abu na ƙarshe a nan: lambar rukunin duk abin da aka yi amfani da shi ta shiga katin aikin. Ranar da masana'anta ta sanar cewa rukuni kaza yana da matsala, ta wannan lamba kaɗai za a san wane jirgi aka shafa wa.

Kaya sun cika wa'adi amma suna da tsada. Ana iya ƙara musu lokaci?

Wasu ana iya, wasu ba a iya. Rundunar sojin Amurka ta raba su gida biyu a tsarinta: waɗanda idan ranarsu ta cika shi ke nan, da waɗanda za a iya gwadawa a tsawaita. Tunanin ɗaya ne a jiragen farar hula. Abin da ba ya halatta shi ne injiniya, komai daɗewarsa a aiki, ya buɗe murfi ya shinshina ya ce lafiya lau, a canza tambari. Izinin tsawaitawa yana fitowa daga mai kayan ko daga ƙa'idar da kamfanin jirgin ya amince da ita, kuma ita ce ke faɗin wane gwaji za a yi, wata nawa za a ƙara, sau nawa za a iya ƙarawa.

Gwajin ya danganta da kayan. Danƙo ana cuɗa samfuri a auna saurin fitarsa daga bindigar matsawa, a ga lokacin da zai daina manne wa yatsa, a auna taurinsa bayan ya daskare, wani lokaci a auna ƙarfin da ake bukata kafin a ɓanɓare shi daga ƙarfe. Giris ana auna laushinsa ta hanyar sakin wani ƙarfe mai tsini a ga zurfin nutsewarsa, a duba yawan man da ya tsatso. Mai ana auna kaurinsa, tsaminsa, ruwan da ke ciki da datti. Ƙyallen kabon ana duba yadda gam ɗinsa ke gudana da lokacin da yake ɗauka kafin ya kama.

Sharuɗɗa uku sukan kayar da mutane. Samfurin dole ya fito daga rukunin da ake son tsawaitawa, sakamakon wani rukuni ba ya yi wa wani shaida. Ɗakin gwajin dole ya zama wanda aka amince da shi, da na'urori masu shaidar daidaito. Sannan kayan dole a ce an ajiye su bisa ƙa'ida tun farko. Mun dawo kan littafin zafi ke nan: wanda ba shi da shi, ƙofar tsawaitawa a rufe take gare shi.

Kuma a yi lissafi. Kuɗin aika samfuri, kuɗin gwaji, da makonnin jira sukan fi kuɗin sabon bututu. Sake gwaji yana da riba ne a kan duron mai ko naɗin kabon mai tsada, ba a kan ɗan gam guda biyu ba.

Idan giris ɗin da littafi ya ce ya ƙare wa'adi, zan iya sa wani mai lambar ƙa'ida iri ɗaya?

Sai littafin gyara ya yarda. AeroShell Grease 7 da AeroShell Grease 33 duk suna ƙarƙashin lambar ƙa'ida ɗaya, MIL-PRF-23827, amma abin da ke ba na farko kauri laka ce, na biyu kuma sabulun litiyam, kuma ba a son cakuɗa su. Idan za a canza, sai an tura sabon har ya kori tsohon gaba ɗaya. Haka zoben roba: na naitiril da ke zaune lafiya cikin jan man haidirolik, Skydrol yana lalata shi. Girma ɗaya ba ya nufin abu ɗaya.

An taɓa yin haɗari saboda kayan da suka wuce wa'adi?

Yawanci abin da ke biyo baya yoyo ne, da sake aiki, da jirgi a ƙasa yana cin kuɗi. Sake like tankin mai ba wasa ba ne: a zuƙe man, a busar da tururin, mutum ya rarrafa ciki ya kankare tsohon danƙo, a jira sabon ya daskare, a gwada.

Amma akwai abin da ya faru ranar 11 ga Mayu 1996 a Amurka. Jirgin ValuJet mai lamba 592, ƙirar DC-9, ya tashi daga Miyami ya faɗa cikin fadamar Florida, mutum 110 da ke ciki duk suka rasu. A ɗakin kayansa akwai gwangwanayen samar da iskar numfashi fiye da 100 da aka cire daga wasu jirage saboda wa'adinsu ya cika. An yi daidai da aka cire su. Inda aka kauce shi ne bayan cirewar: ba a sa musu murfin kariya ba, aka zuba su a kwalaye, aka rubuta kamar babu komai a cikinsu. Suka kunnu, suka yi zafi, wuta ta tashi. Aikin wa'adi ba ya ƙarewa ranar da aka sauke kaya daga kanta.

To ina ake kai waɗanda suka mutu?

Da farko keji ko ɗaki mai kwaɗo, da jan tambari, nesa da kayan aiki, makullin a hannun mutum guda. Bayan nan a lalata su yadda ba za su sake komawa kasuwa ba: a yanka zoben roba, a goge tambarin gwangwani, danƙo a cuɗa shi ya daskare kafin a fitar. A rubuta abin da aka lalata da wanda ya shaida. Wasu wuraren suna ba makarantu irin waɗannan kaya don koyo, wanda ba laifi idan an rubuta ɓaro-ɓaro a jiki cewa ba na jirgi ba ne.

A nan gida akwai ƙarin jan kunne. Duro da jarka ba sa rasa mai so, wani zai roƙa don ajiye ruwa, wani don man gyaɗa. Kada a bayar. Skydrol yana ƙona ido da fata, yana cin fenti. Sinadarin hana tsatsa irin Alodine 1200 da wasu fentin share fage suna ɗauke da nau'in kuromiyam da ke jawo ciwon daji. A huda mazubin, a miƙa shi ga masu izinin kwashe sharar sinadarai, a karɓi takarda a ajiye cikin fayil.